Yadda Za Ka Zaɓi Itatuwa da Tsirrai Masu Ganye Rani da Damina Don Gidan da Ruwa Ke Wuya

A watan Agusta kowace shuka kyakkyawa ce. Ka tsaya wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, ka ga ganye shar kamar an shafa masa mai, ka cika bayan mota, ka kai gida ka dasa. Ni ma haka na yi shekarar da muka tare a gidanmu da ke bayan garin Kano. Kafin ƙarshen Maris fiye da rabinsu sun zama kirare, duk da jarkokin da nake saya wurin 'yan garuwa safe da yamma. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne filin da ke bayan katangarmu, wanda ba a gina ba. Akwai aduwa ɗaya, da kalgo, da tumfafiya. Ba mai ba su ko kofi ɗaya na ruwa, ga awaki na cizgarsu kullum, amma ganyensu kore. Daga ranar na sake lale, kuma abin da na koya a shekarun da suka biyo baya shi ne zan shimfiɗa a nan.

Mataki na farko: ka fita a bazara ka duba

Kada ka fara daga wurin mai fulawa. Ka jira Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40 kuma an yi wata shida ko bakwai ba a ga ɗigon ruwan sama ba, sannan ka zaga unguwarku da ƙafa. Ka duba maƙabarta, da harabar tsohuwar makarantar firamare, da kangon da masu shi suka daɗe da tashi, da gefen hanyar ƙauye. Duk abin da ka samu da ganye a irin waɗannan wurare ya riga ya ci jarrabawar da ta fi kowace wuya, a ƙasa irin taka, da iska irin taka. Ka ɗauki hotonsa a waya, in ba ka san sunansa ba ka tambayi dattijo ko makiyayi.

Ka riƙa taɓa ganyen. Za ka lura masu jure fari kamanninsu ɗaya: ganye ƙanana, ko masu kauri kamar fata irin na anza da aduwa, ko masu toka-toka da ɗan gashi irin na sabara, ko masu tara ruwa a jiki irin na zabuwa. Duk dabaru ne na hana ruwa fita. Ganye mai faɗi, siriri, mai laushi, wanda ke yin yaushi da an tsinke shi, ɗan ƙasar ruwa ne, kuma zai sha maka aljihu.

Mataki na biyu: ka san ruwanka da ƙasarka

Yankin Kano kan samu ruwan sama tsakanin milimita 700 da 900 a shekara, Zariya kusan 1,000, Sakkwato ƙasa da na Kano, Maraɗi wajen 500, Damagaram wajen 400. Kusan dukkansa cikin wata huɗu yake sauka. Ashe ke nan lambun gida a ƙasarmu lissafin rani ne. Ka zauna ka tambayi kanka jarka nawa mai lita 25 za ka iya ware wa shuke-shuke a mako a watan Afrilu, ba tare da an yi cacar baki a gida ba. Wannan adadin shi ne zai faɗa maka yawan abin da za ka dasa. Gara itace shida da suka rayu da talatin da suka bushe.

A nan ne nake ba kowa shawarar ya haƙura da shimfiɗa koriyar ciyawa irin ta filin ƙwallo. A tsananin bazara, filin ciyawa na iya shan lita 6 zuwa 8 a kowace murabba'in mita a rana guda. Ɗan fili mai mita 10 tsawo da mita 5 faɗi zai nemi jarka 12 zuwa 16 kullum. Da wannan ruwan za ka raya itatuwa masu yawa. Ka zuba tsakuwa ko yashi mai tsabta a tsakar gidan, ka bar inuwa ta yi aikin sanyaya shi.

Akwai kuma ruwan da muke zubarwa ba mu sani ba. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, a shekarar da aka samu milimita 800, zai zubo da lita 80,000 ta indararo, yawanci ya bi rariya ya fita titi. Ko ba ka da tanki, ka karkata hanyar ruwan ya bi ta gindin itatuwanka kafin ya fita, ƙasa ta sha ta adana. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗauraye kayan miya duk suna da kyau ga shuka. A gidana, lallen da ya fi kowanne ƙiba shi ne wanda ke kusa da wurin alwala. Wanda ba a so shi ne ruwan wanki mai garin sabulu da bilic, domin gishirinsa kan taru ya kashe ƙasa.

Sai ƙasa. Ka haƙa rami mai zurfin kamu biyu, ka cika shi da ruwa, in ya shanye ka sake cikawa ka duba agogo. In ya tsotse cikin ƙasa da awa ɗaya, jigawa gare ka, za ta buƙaci taki mai yawa don ta riƙe laima. In ya kwana bai tafi ba, laka ce ko akwai marmara a ƙasa, kuma masu tara ruwa a jiki za su ruɓe a wurin da marka sai ka ɗaga musu tudu. Sababbin gidaje suna da wata matsalar daban: ɓaraguzan bulo da ragowar siminti da magina suka binne. Ka tono su ka fitar tukuna.

Ka kuma lura da inda rana ke bugawa. Jikin katangar da ke kallon yamma shi ne wuri mafi zafi a gida, don bulo kan riƙe zafin la'asar har dare, balle in an shimfiɗa intalok a gabansa. Ɓangaren arewa maso gabas kuwa nan iskar hunturu ke shigowa da ƙura da bushewa.

Mataki na uku: zaɓin kansa

Ka fara da inuwa, domin itace ɗaya mai inuwa yana rage wa duk ƙananan da ke ƙarƙashinsa ƙishirwa. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina ko bedi, ita ce kowa ya sani. 'Yar asalin Indiya ce, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, yau kuwa da wuya ka shiga gari a Arewa ko Nijar ba ka gan ta ba. Tana da saurin girma, tana riƙe ganye kusan duk shekara, in ta kama ba ruwanta da ban ruwa. Illarta saiwa. Ka ba ta aƙalla mita 5 zuwa 6 daga gini da sokawe da bututun ruwa. In gidanka ƙarami ne, ka dasa ta a ƙofar gida, maƙwabta ma su samu wurin shimfiɗa tabarma.

Ni kurna na fi so a cikin gida mai fili. Ganyenta ba ya ƙarewa, yara na cin 'ya'yanta, ƙudan zuma na son furenta. 'Yar'uwarta magarya ta fi ta ƙanƙanta, kuma kowa ya san amfanin ganyenta wajen wankan gawa, sai dai takan rage ganye in fari ya tsananta. Aduwa ba ta da na biyu wajen juriya, amma tana da nawa wurin girma, ga ƙaya doguwa, saboda haka lungu ya dace da ita, ba inda yara ke guje-guje ba. Tsamiya ta mai haƙuri ce da babban fili. Gawo kuwa abin mamaki ne, da rani yake ganye, da damina ya kaɗe, sai dai girmansa ya fi ƙarfin tsakar gida, ka bar shi a gona. Bishiyar turare ka nisanta ta daga rijiya da lambu gaba ɗaya, don ta iya shan ruwa, kuma abin da ke ƙarƙashinta ba ya yin kirki.

Wajen shinge, ban ga abin da ya kai lalle ba, kuma ina mamakin yadda muka yi watsi da shi muka koma sayen baƙin tsirrai masu rawayan ganye da ke neman tiyo kullum. Lalle na jure zafi, yana karɓar aski yadda kake so, furensa ƙanana farare na cika gida da ƙamshi da yamma, matan gida kuma sun huta da sayen garinsa. Ana iya shuka irinsa ko a yanki reshe mai kaurin fensir a soka a ƙasa da damina. Ka bar kamu biyu tsakanin ɗaya da ɗaya. In bai samu ruwa ko kaɗan ba a bazara zai rage ganye, amma ban ruwa mai kyau sau ɗaya cikin kwana goma kan ishi wanda ya kama ya tsaya kore. In ya tsufa ƙarshen rassansa kan yi tsini kamar ƙaya, abin da ke ƙara masa amfani a matsayin shinge.

Kalgo da sabara da anza, waɗanda muke raina wa don na daji ne, su ne ainihin ƙananan itatuwa masu ganye rani da damina na ƙasarmu. Kalgo, mai ganye rabe biyu kamar sawun raƙumi, in ka rage masa rassan ƙasa yana yin kyan gani a kusurwa. Anza ta fi dacewa da mutanen Katsina ta arewa da Daura da Maraɗi da Damagaram, inda ruwa ya fi ƙaranci. Ganyenta kore ne shar a tsakiyar bazara, dabbobi ba su cika damunta ba, sai dai tana tafiya a hankali ƙwarai. Ba kasafai ake samun waɗannan wurin masu fulawa ba. In ka sayi fili ka tarar da kututturensu yana tofo, kada ka bari lebura ya tumɓuke. Ka zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi ka bari, ka sare sauran. Dabarar da manoman Maraɗi suka rungume ke nan tun daga shekarun 1980, har ta mayar da miliyoyin itatuwa gonakin kudancin Nijar. Kututturen yana da tsohuwar saiwa mai zurfi wadda ba dashen da zai kamo ta cikin shekara biyar.

In fure kake so, bugenbiliya ce sarauniya, wannan mai yaɗo a katanga da fure ja ko ruwan hoda ko fari mai kama da takarda. Daga Kudancin Amurka ta fito amma ta samu gida a nan. Sirrinta shi ne wahala ke sa ta fure: in ka cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye kawai. Ita ce za ka kai jikin katangar yamma ɗin nan da ba abin da ke so. Rumman ma yana da jan fure mai kyau ga 'ya'ya, kuma yana haƙuri da ƙarancin ruwa, ko da yake yakan zubar da wani ganyen da hunturu.

A ƙasa-ƙasa kuma, bakin hanya da gindin taga, ka sa zabuwa, wadda wasu ke ce wa kabar giwa, da 'yar'uwarta alobera, da moɗa mai dogon ganye kamar takobi. Waɗannan yawan ruwa ke kashe su, ba rashinsa ba. Moɗa ta fi son inuwa-inuwa, ita ma alobera takan yi ja in rana ta yi mata yawa. Jema kuwa, in ka jera ta inda ruwan indararo ke zaizayar ƙasa, saiwarta mai zurfi za ta riƙe wurin.

Akwai waɗanda ke ruɗin mutane. Aguwa da bini-da-zugu suna jure fari sosai kuma suna yin shinge, amma da rani tsirara suke tsayawa. Zogale in ba ya samun ruwa haka yake, kuka kuwa ba sai an faɗa ba. Jure fari daban, riƙe ganye daban. Wasu ta hanyar zubar da ganyen ma suke tsira. Ka dasa zogale don miya da kwaɗo, kada ka sa ran inuwarsa a Afrilu.

Maganar guba ba ta wasa ba ce, musamman a gidan da ke da yara ko ake kiwo. Fulawar nan mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda ko fari, wadda ake kira oliyanda, tana jure fari matuƙa kuma ba ta kaɗe ganye, shi ya sa ake yawan dasa ta a tsakiyar titi. Amma ganye da fure da reshenta duk guba ne, busasshen ganyenta kaɗan na iya kashe tunkiya, hayaƙinta ma in an ƙona cuta ne. Kariya mai kumburarren gindi, da ke fure lokacin da ba ta da ganye, da ruwanta ake haɗa dafin kibiya a da. Farin ruwan tumfafiya da na tinya da kerana na iya lalata ido, 'ya'yan bini-da-zugu kuma yara kan ɗauka gyaɗa ce. Ni dai ban yarda a sa ko ɗaya daga cikinsu inda hannun yaro ko bakin akuya zai kai ba.

Mataki na huɗu: sayen dashe

Ka zaɓi ƙarami, kamu biyu zuwa uku. Babban dashen da ya daɗe a leda saiwarsa ta riga ta naɗe kamar gammo, kuma haka za ta ci gaba da zagaye a cikin rami ba ta nutsa ba. Ka ɗaga ledar ka duba ƙasanta: in saiwa mai kauri ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, ka ajiye. Wanda aka rena a inuwa ka ba shi mako ɗaya ko biyu yana sabawa da rana kaɗan-kaɗan kafin ka dasa. Ofishin gandun daji na jiha ko na ƙaramar hukuma ya fi masu bakin titi samun itatuwan gida. Aduwa da kurna da magarya sun fi kyau a shuka ƙwallonsu kai tsaye inda za su zauna, bayan an jiƙa shi kwana ɗaya, don uwar saiwar ta nutsa ba tare da an katse ta ba. Irin darbejiya kuma sabo ake shukawa, in ya yi 'yan makonni ya mutu.

Mataki na biyar: dasawa

Lokacinta shi ne sa'ad da damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Wanda ya dasa a Satumba ya bar wa kansa aikin da ruwan sama zai yi masa kyauta.

Ka haƙa ramin tun kafin ruwa ya sauka, faɗi da zurfi wajen santimita 50, ka farfasa gefensa da dagi in ƙasar mai tauri ce. Ka cuɗa ƙasar saman da ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na taki cikin uku na ƙasa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, kada ka kusantar da shi. Ka yanke ledar da reza ka cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba, musamman ga bugenbiliya wadda saiwarta ba ta son taɓi. Ka ajiye dashen daidai zurfin da yake a leda, ka danna ƙasa da hannu, ka ba shi ruwa nan take ko da ana sa ran hadari. Da yamma ake wannan aikin.

Sannan ka yi masa ɗan kwari kewaye da gindi kamar faranti. In wurin gangare ne, ka ja tudun ƙasa siffar rabin wata a ɓangaren da ruwa ke gangarawa don ya tare shi. Manoman Illela a jihar Tawa sun farfaɗo da fako da ramukan da suke kira tassa, irin waɗanda Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya shahara da su har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. Suna zuba taki a ramin, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya bi hudojin ya nutsa. Na kawo wannan ne don mutane da yawa na tsoron rufe gindin shuka da ciyawa saboda gara. Gara ta fi auka wa dashen da ƙishirwa ta riga ta raunana. Ka rufe kwarin da ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa ko busasshen ganyen darbejiya, kaurin yatsa huɗu, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen, ka barbaɗa toka a wannan tazarar. Ga su zabuwa da moɗa, tsakuwa ta fi.

Ranar da ka dasa, ranar za ka kewaye shi da waya ko ƙaya ko tsofaffin bulo. Na taɓa cewa sai gobe, kafin goben akuyar maƙwabta ta gama da kurna uku.

Mataki na shida: rani biyu na farko

Ba itacen da ake haifa da jure fari. Saiwa ce ke ba shi, kuma yadda kake ban ruwa shi ke koya wa saiwar inda za ta nufa. Yayyafi kullum yana tsayar da ita a sama inda rana ke ƙona ta. Ruwa mai yawa jefi-jefi yana jan ta ƙasa. Abin da nake yi a ƙasar jigawa shi ne rabin jarka ga kowane dashe sau biyu a mako a ranin farko, daga Nuwamba, in ƙara zuwa sau uku a Afrilu da Mayu. A rani na biyu jarka guda sau ɗaya cikin kwana bakwai zuwa goma. Mai ƙasar laka ya rage. Kafin ka zuba, ka tura yatsa cikin ƙasa: in akwai laima ka bari sai gobe. Ganyen da ya yi yaushi da azahar ya miƙe da magariba lafiyarsa lau. Wanda ka tarar a langaɓe da asuba shi ne mai ƙishirwa. Da sassafe ko bayan la'asar ake ban ruwa, a gindi, ba a kan ganye ba, sai dai ka wanke masa ƙurar hunturu sa'i-sa'i.

Dabarar da ta fi rage mini wahala ita ce tulu. Ka samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, ka cika shi ka ga yana zufa ta jiki kamar randa. Ka binne shi har wuya, kamu ɗaya daga gindin dashen, ka cika, ka rufe bakin da murfi ko fasasshen kasko saboda sauro da ƙasa. Ruwan zai riƙa tsatsowa daidai yadda ƙasar ke bushewa, saiwoyi su zo su rungume tulun, rana kuma ba ta samun abin ɗauka. Tulu ɗaya kan yi kwanaki kafin ya nemi ƙari, har kana iya tafiya ka bar wa yaro aikin cikawa. In ba tulu, gorar roba da aka huda ƙasanta da allura aka binne tana yin kusan haka, sai dai hudar kan toshe.

Aski kuma da farkon damina ake yi, ba da bazara ba, don sabon tofo ruwa yake nema. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: lallen shinge ka datse kansa tun yana kai gwiwa don ya yi rassa daga ƙasa, in ka bari ya yi tsawo tukuna ƙasansa zai zama fayau, kaji su riƙa wucewa. Takin zamani ma kada ka zuba da rani.

A rani na uku ka fara yaye. Darbejiya da kurna da aduwa da kalgo da anza ka janye musu ruwa gaba ɗaya. Lalle da bugenbiliya da rumman ka bar musu jarka guda duk kwana goma zuwa mako biyu a Maris da Afrilu da Mayu. Tulunan da ka tono daga gindin manyan, ka wanke su ka ajiye wa dashen da za ka sa a Yuli mai zuwa.